Daeng Rewa Ya Sayo wa Jirginsa Kaya

Mijin yayata, Daeng Rewa (Daeng laƙabin girmamawa ne a wajenmu, ga mace ko namiji), shekara ashirin da shida ya yi yana sayar da tikitin jirgin ruwa a tashar birnin Makassar, cikin wani ɗan akurki mai taga ɗaya. Duk tsawon shekarun nan ƙafarsa ba ta taɓa wuce matakalar jirgi ba. Amma da ya yi ritaya ya dawo mana garinmu na bakin teku, Galesong, sai ya zama duk garin babu wanda ya kai shi sanin teku. Mutumin da a cikin kwalekwale ya yi rarrafe zai dawo daga kamun kifi, Rewa na zaune a rumfar mai kofi ya tare shi, ya zayyana masa inda ya yi kuskure.

Da ƙungiyar masunta ta tashi zaɓen shugaba, sai ya miƙe a taro ya ce shi ne. Haji Tompo, wanda ke kan kujerar, bai yi musu ba. Ya dai tuna masa dokar ƙungiya: shugaba sai mai jirgin kansa, kuma ranar tseren shekara sai ya tuƙa shi da hannunsa, da iska, ba inji, ya zagayo tutar da ake kafawa a tsakiyar ruwa.

"Shi ke nan?" in ji Rewa. "Ni da na sallami jirage masu hawa bakwai?"

"Tikiti ka sallama, Daeng," in ji Haji Tompo.

"Ba tikiti, jirgin ya tashi mu gani!"

Ni kafintan jirgi ne, sana'ar da na gada. Kwana biyu da wannan sai ga Yaya Kanang, matarsa, ta same ni ina fiƙe katako.

"Naba, ka rufa min asiri ka yi masa gangar jikin jirgin," ta ce. "In ya yi da kansa zai mutu, kuma a bainar jama'a zai mutu."

Na yi masa, a ƙarƙashin gidansu, tsakanin dirkokin da ke ɗauke da gidan. Ɗan jirgi ne taku goma sha biyu, siriri, marar nauyi, mutum biyu sun ishe shi ɗauka. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Rewa na kan kujera yana fifita yana ba ni umarni har na gama. Ranar da na ajiye guduma na lissafa masa abin da ya rage: doguwar gora da za a ɗaura zanen da iska ke turawa, gora biyu a gefe da gefe don kada ya kife, igiya, ɗan sandan juya wutsiyar jirgin, sai dutse mai ɗan nauyi na tsayawa.

"Dutse?" Ya daina fifitar. "Ni zan jefa dutse a ruwa kamar mai korar kare?"

"Kowa da dutse yake tsayawa, Daeng."

"Shi ya sa kowa yake inda yake. Kai dai ka iya katako, Naba, ban hana ka ba. Amma kayan jirgi ilimi ne. Shirya, gobe mu je birni ka ga yadda ake zaɓe."

Washegari ya kai ni wani fili a bayan tasha inda ake farfasa tsofaffin jirage. Mai wajen, wanda ake kira Ko Aheng, tsoho ne mai murmushi, kuma a kan sikeli yake sayar da komai. Ya dubi Rewa sau ɗaya, ya tura aka kawo masa kujera.

"Kyaftin, me ake bukata?"

Kalmar nan ta gama da mijin yayata. Na ga ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

"Anga," ya ce, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi. "Ta gaske."

Ko Aheng ya wuce ƙananan da ke rataye a bango kamar bai san da su ba, ya kai mu gun wata ƙatuwa mai ƙugiya biyu, ta yi jajir da tsatsa, tsayinta ya kai min ƙirji.

"Girman jirgin fa?" ya tambaya, don dai a ce ya tambaya.

"Taku goma sha biyu," na ce.

"Matsakaici ne," in ji Rewa, ya taka min ƙafa.

"Daeng, angar nan ta fi jirgin nauyi."

"To da me za ta riƙe shi in ba ta fi shi nauyi ba? Ka taɓa ganin akuya ta riƙe sa?"

"Kyaftin ya san aiki," in ji Ko Aheng. "Sai sarƙa."

Aka jawo sarƙa, ta yi tsibi kamar shurin gara. Daga nan muka wuce gun sitiyari. Na ce ɗan sanda ya isa juya jirgin nan, ko da yatsa biyu. Rewa ya ce sanda na makiyayi ne. Ya zaɓi wani sitiyarin katako mai hannaye takwas da cibiyar tagulla, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki. Ya ɗauki wani dunƙulen ƙarfe mai kai biyu da ake naɗa igiyar babban jirgi a jiki, ya ce nan za a ɗaure sarƙar. A madadin gora ya ɗauki bututun ƙarfe, wanda na tabbata a da fitilar titi yake ɗauke da ita. Muna shirin fita idonsa ya faɗa kan wata taga mai zagaye, mai gilashi da kaurin tafin hannu.

"Wannan kuma a ina za ta zauna?" na ce. "Jirgin ko rufi ba shi da shi. Duk inda ka juya taga ce."

"A ƙasa za ta zauna. Ku kuna jefa taru da ƙaddara. Ni sai na ga kifin ido da ido."

Ko Aheng ya dafa ƙirji. "Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa jin wannan dabarar ba."

"Ka ji ko?" in ji Rewa.

A-kori-kurar da muka ɗauka, da aka gama loda mata kaya sai ƙafafunta na gaba suka ɗaga sama. Direban ya ce ba ya tafiya sai an danne mata kai. Haka muka shigo Galesong, ni da Rewa zaune a kan murfin inji, shi yana ɗaga wa mutane hannu.

Na ce ba zan huda cikin jirgin da na yi da hannuna ba. Ya ce dama bai sa rai ba, ya karɓi zarto. Sati biyu ana wannan aiki, kuma sati biyun nan rumfar mai kofi ta tashi ta dawo ƙofar gidan. Har da masu zuwa da tabarma. Ramin tagar da ya yanka bai fito da zagaye ba, ya fi kama da ɓarin gwanda, sai ya cike giɓin da tsumma da kwalta. Dunƙulen ƙarfen kuwa ya ɗaure shi a hancin jirgin da noti huɗu, a jikin falankin da kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Da ya zo haɗa sitiyari da wutsiya igiya ta ƙare masa, ya kwance ta shanyar Yaya Kanang.

"Daeng, gorar gefe fa?" wani ya tambaya daga kan tabarma.

"Ka taɓa ganin babban jirgi da sanduna a hammata kamar gurgu?"

"To in ya kife fa?"

"Nauyi ba ya kifewa. Ku je ku yi karatu."

Zanen ma bai yarda a ɗinka masa ba, wai ɗinkin hannu ba shi da tabbas. Ya sayo tsohon tamfol a gun masu ba da hayar rumfar biki, ruwan hoda, da tuntaye a baki, an rubuta fatan alheri ga ango da amarya da manyan baƙaƙe.

Ranar tsere da safe muka taru mu fito da jirgi, sai ya ƙi fita. Sitiyarin ya fi ratar da ke tsakanin dirkokin gidan faɗi. Muka karkata shi, ya ƙi. Na ce a kwance sitiyarin a mayar a waje. Ashe bayan ya ɗaure notin sai da ya bi kawunansu da guduma ya daddaƙe, wai kada ɓarayi su kwance.

"Dirka ɗaya ce ta tsaya mana," in ji Rewa. "Gidan yana da goma sha biyu."

"Daeng, wannan ita ke ɗauke da madafa."

"Sha ɗaya ba su isa ba? Ku mutanen ƙauye akwai tsoro."

Na tafi neman abin tokarewa. Ban kai ga dawowa ba na jiyo zarto, sai kuma wani irin nishi da gidan ya yi. Kusurwar madafa ta sunkuyo. Muka ji tukwane suna tafiya a kan daɓen sama, ɗaya na bin ɗaya, sannan miyar kifi mai zafi ta tsiyayo ta tsakanin katakai, ta sauka a ƙeyar Rewa. Yaya Kanang ta leƙo ta taga da ludayi a hannu. Tagar ma ta karkace.

"Wa ya taɓa min gida?"

Duk 'yan tabarma suka dubi teku.

"Gyara ne, Kanang," in ji Rewa yana share wuya. "Dama ruwan wanke-wanke ba ya gangarewa."

Ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da kai. Ni da na tashi a hannunta na san wannan kallon, sai na yi maza na tokare madafar da gorar nan biyu da ya raina.

Mutum goma sha shida suka kai jirgin bakin ruwa, shida suka biyo da anga, sarƙa kuwa a baro aka turo ta. Gari kaf ya fito, masu gasa kifi da masu gasa ayaba sun kafa murhu, ga wani mai lasifika a kan tebur yana kiran sunayen jirage. Muka kafa bututun, muka ɗaura tamfol, muka tura. Jirgin ya zauna cikin ruwa kamar saniya a taɓo. Tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsa uku ba, kuma tun ba a je ko'ina ba tagar ta fara hawaye.

Rewa ya fito cikin fararen kayansa na ofishin tikiti, da hula, ya ɗora rigar hana nutsewa biyu, ɗaya kan ɗaya, har hannayensa ba sa sauka.

"Naba, shigo ka ga aiki."

"Ina da 'ya'ya, Daeng."

"Jama'a, ga jirgi na tara!" in ji mai lasifika. "Ga ango, amarya ce ba mu gani ba!"

Haji Tompo ya shiga nasa jirgin, aka busa usur. Jirage takwas suka tashi kamar an kori tsuntsaye. Na Rewa ya tsaya yana tunani. Can iska ta cika tamfol, tuntaye suka kaɗa, sai ga shi ya motsa. Wallahi ya motsa. Mutane suka sa ihu, ni kaina sai da na ji wani abu a raina, don ko ba komai katakona ne.

Tuta tana dama. Rewa ya kama sitiyari da hannu biyu ya murza dama. Jirgi ya yi hagu. Ya ƙara murzawa. Jirgi ya ƙara yin hagu. Ashe igiyar shanyar nan a harɗe ya ɗaura ta.

"Murza ɗaya wajen!" muka haɗa baki. "Daeng, ɗaya wajen!"

"Kada wanda ya koya min aikina!" ya amsa, ya ƙara murzawa.

A hagun nan gonar ciyawar teku take, ta matan unguwarmu. Dogayen igiyoyi ne jere a kan ruwa, da robobi a ɗaure suna yawo, ciyawar na rataye a jiki, kuma saura kwana uku a girbe. Matan na ciki a lokacin, suna kallon tsere daga inda suke. Babbarsu, Daeng Sugi, mace ce da ko mijinta sai ya yi gyaran murya kafin ya yi mata magana. Ita ta fara ganin abin da ke tahowa.

"Kai! Kai mai rumfar biki! Ina za ka?"

"Ku ba da hanya! Jirgi ba ya kauce wa mai ƙafa!"

Ya shiga gonar ta tsakiya. Igiya ta farko ta maƙale a hancinsa, ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Turaku suka riƙa tsigewa, robobi na binsa a baya yuu kamar 'yan rakiya. Matan suka bi shi da jifa da danƙararriyar ciyawa. Ɗaya ta same shi a kunne, hular ta tafi.

"Ango ya shiga gonar surukai!" in ji mai lasifika.

Nan Rewa ya yanke shawarar tsayawa. Ya saki sitiyari ya rungumi anga, ta ƙi ɗaguwa. Ya zauna ya sa mata ƙafa biyu yana turawa, jirgin na tangaɗi yana kurɓar ruwa ta nan ya kurɓa ta can. Da ƙyar ta mirgina, ta tafi da wani yanki na gefen jirgin, ta faɗa tsundum. Sarƙa ta bi ta, ƙararrar, ƙararrar, ba ta da niyyar ƙarewa. Kuma duk abin da ya fita, jirgin sai ya ƙara tasowa sama. Da ya rabu da nauyin nan sai ya tuna ni na ƙera shi: ya zabura, ya yanki ruwa, gudun da ko na Haji Tompo bai yi ba.

Rewa ya miƙe tsaye ya juyo gare mu, hannu a sama.

"Kun gani? Kun gani ko?"

Sai sarƙa ta ƙare.

Ƙarar da muka ji kamar an fasa kwakwa ce, amma babba. Hancin jirgin, da dunƙulen ƙarfen da notinsa huɗu, suka tsaya cak inda anga ta ce a tsaya. Sauran jirgin ya ci gaba. Ya yi kamar taku goma da baki buɗe yana haɗiyar teku, sannan ya zauna a hankali, a miƙe, bututun na tsaye, tamfol na kaɗawa. Rewa ya ɗare kan sitiyari ya ƙanƙame bututun da hannu da ƙafa.

"Na tafi! La'ilaha illallahu! Jama'a na tafi! Ku gaya wa Kanang na yafe mata!"

"Ya ce a gaya wa Daeng Kanang ya yafe mata," in ji mai lasifika, yadda har masu gasa ayaba suka ji.

Daeng Sugi ta ƙaraso ta tsaya dab da shi, ta riƙe ƙugu. Ruwan iyakarsa cibiyarta.

"Daeng Rewa, buɗe idonka."

"Wace ce? An fara zuwa ɗaukata ne?"

"Sugi ce. Sauko, a kan ciyawata kake."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya dube ta, ya dubi ruwan, ya dubi bakin gaɓa inda mutane ke faɗuwa ƙasa don dariya. A daidai lokacin jiragen suka zagayo tuta suka dawo, Haji Tompo a gaba. Da ya zo wucewa ya rage gudu.

"Ranka ya daɗe, shugaba, a kawo tikiti ne?"

Rewa ya yi kamar bai ji ba. Sugi kuwa ta gaya masa, da muryar da ba ta bukatar lasifika, cewa igiya goma sha ɗaya ya tsinka, kuma shi zai zauna a cikin mata ya ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗaura kowane reshen ciyawa da hannunsa. Ya ce ya ji. Ta ce to ya sauko. Ya ce ba zai sauko ba, takalmansa sun tafi, kuma wajen nan akwai bushiyar teku mai ƙaya.

Jirgi ba ya shiga gonar saboda igiyoyi, don haka na naɗe wando zan je. Wani hannu ya mayar da ni baya. Yaya Kanang ce. Ta tattare zaninta ta soke, ta shiga ruwa, ba sauri ba nawa, har ta isa gindin bututun. Ni na biyo ta a baya, nesa kaɗan.

"Me ka yafe min?"

"Kanang, maganar fitar rai ce, ba a riƙe ta."

"Na ce me ka yafe min? Dirkar ko igiyar shanyar?"

Ta juya masa baya ta ɗan durƙusa.

"Hau."

Ya hau. Gari guda na kallo, matar nan ta goyo mijinta, da rigunan hana nutsewarsa biyu, da ciyawa a kunne, ƙafafunsa na reto. Aka fara tafi. Da ya ji tafi sai ya ɗago kai, ya gyara zama, ya saki hannu ɗaya ya fara ɗaga wa jama'a.

"Yi dama kaɗan, Kanang," na ji ya ce. "Ba kya lura da yadda ruwan ke ja. Dama na ce. Rage gudu. Ke matsalarki ba kya karɓar umarni, shi ya sa..."

Ta saki hannayenta.

Ya faɗa ricaa, ruwa ya tashi. Ita ko waiwaye ba ta yi ba, ta fita ta matse bakin zaninta ta nufi gida. Na iske shi zaune daɓas a kan yashi, ruwa iya wuya, rigunan sun turo sama sun toshe masa kunnuwa. Ya tofar da ruwan gishiri, ya juya ya daɗe yana kallon abin da ya rage: bututun a tsaye ƙiƙam, sitiyari na walƙiya a rana, sarƙa a miƙe, tagar na kwance a ƙasan ruwa ko tsagewa ba ta yi ba.

"Naba," ya ce, "kai shaida ne. Cikin kayan da na zaɓa da hannuna, nuna min guda ɗaya da ya karye."

Na duba. Babu.

"To ka gani. Katakonka ne."